Amapiano Bai Mutu Ba, Gajarta Shi Ake Yi

Duk shekara, da zarar Disamba ta ƙarato, wato lokacin zafi da hutu da shagulgula a Afirka ta Kudu, sai masoya amapiano su sake ɗauko gardamar da suka ajiye bara. Wani ya ce kiɗan ya mutu. Wani ya ce da sauran ransa, yara ne dai suka mayar da shi hayaniya. Wani ya ce 'yan Najeriya ne suka ɗauke shi suka tsinka shi da ruwa. Wani kuma ya ce duk masu wannan ƙorafi tsufa ne ya kama su, su matsa su ba matasa wuri. Na daɗe ina bin wannan cece-kuce domin kiɗan ya shiga raina, kuma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Gaskiya ne akwai abin da ke salwanta a amapiano. Sai dai yawancin waɗanda ake nuna wa yatsa ba su da hannu a ciki, kuma abin da ke salwantar ba kasafai ake kiran sunansa ba. Lokaci ne: tsawon waƙa, da haƙurin da kiɗan yake nema a wurin mai sauraro kafin ya ba shi abin da ya zo nema.

Sai an san inda kiɗan ya fito kafin maganar ta zauna. Amapiano ya taso a lardin Gauteng wajajen 2012 zuwa 2015, a unguwannin bayan gari da mulkin wariyar launin fata ya killace baƙaƙe a cikinsu: Mamelodi da Atteridgeville da Soshanguve a kewayen Pretoria, Soweto da Alexandra da Katlehong da Vosloorus a kewayen Johannesburg. Har yau mutanen Pretoria da na gabashin Johannesburg ba su daina jayayya kan wanda ya fara ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne iyayen kiɗan: kwaito, kiɗan unguwannin baƙaƙe na shekarun 1990, da house, kiɗan rawa mai sanyi na asalin Amurka, wanda 'yan ƙasar suka rungume shi fiye da kusan kowa a duniya, da jazz, da fiyanon coci, da kiɗan Bacardi na Pretoria. Samari ne suka haɗa shi a ɗakunan kwanansu, da kwamfuta mai araha da manhajar FL Studio. Babu kamfani a bayansu, gidajen rediyo ma da farko ba su kula su ba. Ta WhatsApp waƙoƙin suka yaɗu, da shafukan sauke kiɗa kyauta, da direbobin bas ɗin haya masu ƙure lasifika, da wuraren gashin nama inda ake yini ranar Lahadi.

Wannan asali shi ya ba kiɗan siffarsa. Wanda ba ya neman rediyo ba ruwansa da dokar minti uku. Don filin rawa aka yi waƙar, kuma filin rawa ba ya sauri. Cikakkiyar waƙar amapiano tana tafiya a kan bugu 110 zuwa 115 a minti ɗaya, ƙasa da saurin house. Takan fara da caki shi kaɗai, da ɗan bugun ganga, a yi minti ɗaya ko fiye ba a ƙara komai ba. Sannan fiyano ya shigo a hankali, ya shimfiɗa sauti mai faɗi kamar na coci. Murya ta zo, ta faɗi kalma biyu uku, ta koma. A minti na uku ko na huɗu sai a janye kusan komai, a bar mai rawa a rataye, jikinsa ya san abin da ke tafe amma bai san daƙiƙar da zai iso ba. A nan ne logdiram yake faɗowa, sautin nan mai kauri da ke tsakanin ganga da bes, wanda ake jinsa a ƙirji kafin a ji shi a kunne. Sauti ne na cikin kwamfuta, babu wata gangar itace da ake dokawa, kuma Kabza De Small, ɗaya daga cikin manyan furodusoshin amapiano, da kansa ya shaida cewa furodusan nan mai suna "MDU aka TRP" ne ya gano yadda za a sarrafa shi har ya zama tambarin kiɗan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya kalli mai kalangu ya san wannan hikima. Ba ya fara kiɗa da zafi. Yana matsa kalangun a hammata, ya ɗan taɓa, ya jira fili ya cika, ya karanta ƙafafun masu rawa, sai da kiɗa ya nuna sannan ya sake shi. Daɗin saukar logdiram yana cikin jiran da aka yi. Idan ka cire jiran, bugun yana nan da ƙarfinsa, amma ba ya ɗaga kowa daga kujera.

To, a kan wannan ma'auni nake auna ɓangarorin gardamar, kuma zan fara da waɗanda zuciyata ta fi karkata gare su, domin su ne nake ganin sun fi kusa da gaskiya kuma duk da haka sun kauce mata. Su ne masoya salon da ake kira Private School, wanda sunan Kelvin Momo ya fi fita a kansa tun kundinsa na 2020. Salo ne mai taushi: gita, saksofon, murya mai sanyi, logdiram da aka rage wa kaifi har ya zama kamar numfashi. A wurin waɗannan mutane wannan ne amapiano na ainihi. Sauran kuwa, irin su sgija da quantum sound da sabon Bacardi, inda logdiram ke ruri babu ƙaƙƙautawa, ga usur, ga ihu, ga kalma ɗaya ana ta maimaitawa, duk tarkace ne a wurinsu, kiɗan yaran da ba su san fiyano ba.

Ina son abin da suke so. Amma tarihi bai goyi bayansu ba. Kaushin nan da suke ƙyama ba baƙo ba ne, a cikin jinin kiɗan yake. Tun kafin a san wani abu amapiano, Pretoria tana da Bacardi, kiɗa mai tsinin ganga da sautin kwamfuta mara ado, wanda irin su DJ Spoko da DJ Mujava suka yi suna da shi, har waƙar Mujava mai suna "Township Funk" ta ƙetare teku ta shiga gidajen rawa na Ingila a 2008. Yaron Mamelodi da yake cika waƙarsa da usur yau gadon unguwarsu yake ci, kuma yana da haƙƙi a kan amapiano daidai da mai saksofon. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kalaman da masu son taushi suke jifan sgija da su yau, su ne kalaman da manyan masoya house suka jefi amapiano da su shekara goma da suka wuce: kiɗan mashaya ne, ba a gyara sautinsa ba, duk waƙoƙin iri ɗaya ne, ba zai shekara biyu ba. Kafin nan ma haka aka yi wa kwaito. Mutumin da aka rufe wa ƙofa jiya, yau ya shiga ya juya ya sa sakata, abin ba ya yi mini daɗi. Akwai kuma maganar aji a ƙarƙashin wannan gardama, ko ba a faɗe ta ba. Salo ɗaya ya dace da wurin shaƙatawa mai tsada a Sandton, unguwar masu kuɗi ta Johannesburg, inda ake zaune ana hira a hankali. Ɗayan na titi ne, na bayan mota a buɗe, na masu rawa har gumi ya jiƙa riga. Idan aka ce na farko ne kawai kiɗa, an faɗi wani abu game da mutanen da ke son na biyun.

Ba na cewa ƙorafinsu na inganci banza ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ana sakin waƙoƙi fiye da yadda kunne zai iya ɗauka, kowace Juma'a tuli guda. Da yawa an gina su da sautukan da aka saya a dunƙule, logdiram ɗin wannan shi ne na wancan, har ka kasa gane hannun wanda ya yi. Akwai kuma matasan furodusoshi da mawaƙa da suka sha fitowa fili suna kukan ba a sa sunansu ko ba a biya su ba, kuma wanda ya san ba zai ci moriyar aikinsa ba ba zai kwana yana gyara shi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma waƙar sgija mai kyau tana da jira, tana da gini, tana da sauka, kamar yadda waƙar Private School mara kyau take iya zama minti takwas na barci. Taushi da kaushi ba su ne ke raba mai kyau da mara kyau ba.

Sai maganar da ta shafe mu kai tsaye, wato Najeriya. Wannan ɓangaren gardamar ya fi kowanne zafi, kuma ya fi kowanne ɓata lokaci. Tun wajajen 2020 furodusoshin Legas suka ɗauki logdiram. A 2021 Davido ya shiga sabon zubin waƙar "Ke Star" ta Focalistic, mawaƙin Afirka ta Kudu. A 2022 Asake da furodusansa Magicsticks suka gina kundi sukutum a kan wannan sauti, suka haɗa shi da fuji da amshin taron muryoyi. A 2023 Kcee ya ɗora sarewar oja ta ƙabilar Ibo a kansa. A Tanzaniya ma mawaƙan Bongo Flava suka yi nasu. A watan Yulin 2023 mawaƙin Amurka Swae Lee ya rubuta cewa zai yi amapiano, ya liƙa tutar Najeriya a gefe, sai 'yan Afirka ta Kudu suka yi masa ca. Na fahimci fushinsu sarai. Abin da ka rena tun yana cikin tsumma, lokacin da rediyon ƙasarku ma ba ya so, ka wayi gari baƙo yana jingina shi ga wani, dole ranka ya ɓaci. A watan Fabrairun 2024 abubuwa biyu suka haɗu a mako guda. An ba da kyautar Grammy ta farko a sabon rukunin waƙar Afirka, Tyla 'yar Johannesburg ta lashe da "Water", alhali cikin waɗanda ta doke akwai waƙar Asake da Olamide wadda sunanta ma "Amapiano", da ta Davido da Musa Keys. Kwana uku bayan haka Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Bouaké da bugun fenareti, sai wasu 'yan Najeriya suka riƙa cewa yanzu amapiano ya zama nasu. Da wasa suka faɗa, amma tsakanin ƙasashen nan biyu akwai tsohon miki, har da hare-haren ƙin baƙi da aka yi a Afirka ta Kudu a 2019, don haka wasan bai tsaya a wasa ba.

Matsayina a nan ba shi da kwana. Amapiano na Afirka ta Kudu ne. Yaran Gauteng ne suka ƙirƙire shi, kuma duk ɗan Najeriyar da ya yi musun haka ya yi rashin kunya. Faɗin hakan ba ya rage mu da komai. A ɗaya gefen kuma, aro ba sata ba ne. Kwaito kansa house ne na Amurka da aka rage wa sauri aka ɗora masa harsunan unguwa. Wanda kiɗansa ya tashi da aro ba zai hana a ara a wurinsa ba, abin da zai nema shi ne a ambaci sunansa, kuma a biya shi idan an yi aiki da shi. Abin da Asake ya yi kiɗa ne mai kyau a kan kansa, na Legas ne, kuma babu wata waƙar Kabza da ta rage daɗi domin Asake ya wanzu.

Amma akwai abin da aron Najeriya ya tona, kuma shi ne ya kai ni ga ainihin maganata. Mun ɗauki logdiram, mun bar jiran. Kundin Asake na 2022 waƙa 12 ne cikin kusan minti 30. Lissafa ka gani: minti biyu da rabi kowace waƙa. A cikin wannan tsawo babu wurin caki ya yi minti ɗaya shi kaɗai. Murya tana shigowa tun daƙiƙar farko, logdiram ya biyo ta nan take, ya zama ado a ƙarƙashin waƙa maimakon ya zama abin da aka yi tafiya aka isa gare shi. Ga waƙar pop wannan daidai ne, mawaƙi ne sarki a can, kiɗa bawansa ne. A amapiano kuwa furodusa ne sarki, murya ɗaya ce daga cikin kayan kiɗa. Matsalar ta fara ne lokacin da duniya ta san kiɗan ta wannan gajeriyar ƙofa, ta ɗauka shi ke nan, sannan kasuwa ta juya ta ce wa yaran Pretoria su ma su yi haka idan suna son a ji su a Landan.

Kuma kasuwar ba ta buƙatar ɗan Najeriya kafin ta faɗi haka. Dubi yadda ake biyan kuɗi. A Spotify, da zarar an saurari waƙa na daƙiƙa 30 an ƙirga ta sau ɗaya. Waƙa mai minti takwas da mai minti biyu da rabi kuɗinsu ɗaya. Ma'ana, a cikin lokacin da mai sauraro zai ji doguwar waƙa ɗaya, zai iya jin gajeru uku, a biya sau uku. Ƙari a kan haka, waƙar da ta fara da minti ɗaya na caki tana cikin haɗarin a tsallake ta kafin daƙiƙa 30 ɗin su cika, a tashi a tutar babu. Duk furodusan da ke da haya a kansa ya san wannan lissafi ko bai taɓa rubuta shi ba. Sai ga TikTok, wanda ya yi wa amapiano hidimar da babu wani gidan rediyo da ya yi masa, musamman tun kullen korona na 2020 lokacin da aka rufe gidajen rawa, rawa ta koma cikin waya. Ba zan zage shi ba, domin ba don shi ba da yawancinmu a nan ba mu san kiɗan ba. Sai dai abin da yake ɗauka daga waƙa daƙiƙa 15 ne zuwa 30, kuma kullum wurin saukar yake ɗauka. Miliyoyin mutane sun san "Mnike" ta Tyler ICU da "Tshwala Bam" ta TitoM da Yuppe, sun iya rawarsu, amma ba su taɓa jin farkonsu ba. Waƙoƙin nan biyu kowacce ta wuce minti shida. An gina su yadda ya kamata, duniya ce ta yanki tsoka ɗaya ta tafi da ita.

Da a nan abin ya tsaya, da ban damu ba. Mai yanka ya yanka, waƙa tana nan ga mai nema. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne mataki na gaba, wanda kunnena yake ƙara ji: furodusa ya fara aiki daga daƙiƙa 15 ɗin. Ya fara neman kalmar da za a yi wa rawa, da saukar da za ta dace da bidiyo, sannan ya cike gaba da baya da duk abin da ya samu. Waƙar tana iya kai minti shida a agogo, amma minti biyar da rabi ciko ne, ba gini ba. Ana gane bambancin. A waƙar da aka gina, kowane sauti da ya shigo yana ƙara wa na bayansa nauyi, idan ka cire ɗaya ginin ya karkace. A waƙar ciko kana iya tsallake minti uku ba ka rasa komai ba. Wannan ita ce lalacewar da masoya suke ji a jikinsu idan suka ce kiɗan ya mutu. Sun ji daidai. Sunan cutar ne suka kuskure, sai suka ɗora wa usur, ko tuta, ko ƙuruciya.

Cutar ta shiga wurin DJ ma. Aikin DJ a wannan kiɗa shi ne ya ɗauki taro ya yi tafiya da shi awa biyu, ya saƙa ƙarshen wannan waƙa da farkon waccan har ba a gane inda aka haɗa ba. Dogon farkon nan na caki da ganga don wannan saƙar ma aka yi shi. Yanzu sau da yawa ana jin DJ yana tsalle daga sauka zuwa sauka, kowace waƙa minti ɗaya da rabi, domin kowa ya ɗaga waya yana jiran wurin da ya sani. A bukukuwanmu na Kano da Kaduna ma, idan DJ ya sako amapiano, wurin zafin kawai yake sakowa ya wuce. Bayan rabin awa a haka jiki ya gaji, kunne ya toshe, babu saukar da ke ƙara yin tasiri, domin ba a bar kowa ya jira komai ba.

A nan ne wasu ke kawo sunan Uncle Waffles, matashiyar nan 'yar Eswatini da bidiyonta na rawa a bayan na'urar DJ ya zagaya duniya a 2021, ta kai har dandalin bikin kiɗa na Coachella a Amurka a 2023. Suna cewa ita da irinta sun mayar da sana'ar rawa da ado. Ban yarda ba, kuma ina lura cewa mata aka fi yi wa wannan tuhuma, alhali maza nawa ne ke barin na'ura su fito gaban taro babu wanda ya ce uffan. Rawa ba ta taɓa rabuwa da wannan kiɗa ba. Tambayar da ta dace a yi wa kowane DJ, mace ko namiji, ita ce ko ya bar waƙa ta yi numfashi.

Dalilin da ya sa ban yarda kiɗan ya mutu ba shi ne hujja tana nan a fili. Kelvin Momo yana sakin kundi mai wuce awa biyu, waƙoƙi masu minti bakwai da takwas, kuma mutanen ƙasarsa suna sauraro har kundin ya hau saman jadawali. Wannan ya karya maganar cewa matasan yanzu ba su da haƙuri. Suna da shi, idan an ba su abin da ya cancanci a yi masa haƙuri. A 2024 Kabza De Small ya tsaya a Johannesburg tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗan goge da ƙaho ƙarƙashin jagorancin Ofentse Pitse, aka kaɗa waƙoƙinsa da hannu. Ba na kawo wannan don in ce sai da kayan kiɗan Turawa amapiano ya samu daraja, darajarsa daga Mamelodi ya zo da ita. Na kawo shi ne domin waƙar da babu gini a cikinta ba za a iya rarraba ta ga makaɗa masu yawa ba, babu abin da za a ba kowa ya riƙe. Waƙoƙin sun ɗauki nauyin, domin akwai abu a cikinsu tun asali.

Akwai kuma sabon salon da ake kira 3-step, wanda sunan Thakzin ya fita a kansa tun 2022, inda ake cire bugu ɗaya daga cikin huɗun da house ya saba da su, a bar gurbi. Wasu masoya amapiano suna kallonsa a matsayin kishiya da ta zo ƙwace gida, kamar yadda amapiano ya ture kiɗan gqom na Durban gefe wajajen 2019. Ni ina kallonsa a matsayin shaida. Me ya ja mutane zuwa gare shi? Dogayen waƙoƙi, gini a hankali, gurbin da ke sa jiki ya jira. Abin da suka fara rasawa a wani wuri suka je nema a wani. Kuma ina da tabbacin idan ya yi ƙarfi a kasuwa, lissafin daƙiƙa 30 zai zo masa shi ma, a fara yanka.

Saboda haka abin da nake so masoya su yi gardama a kai ya sauya. A daina tambayar wane salo ne na gaske, a daina auna tuta. A tambayi waƙa ɗaya ɗaya: an gina ta ko an cike ta? Mai son sgija da mai son Private School za su iya zama a kan tabarma ɗaya su amsa wannan, kuma za su yi mamakin yawan inda bakinsu zai zo ɗaya. Mai sauraro kuma yana da ƙarfi fiye da yadda yake zato, domin na'urorin nan suna ƙirga wanda ya ji waƙa har ƙarshe da wanda ya tsallake. Idan waƙa ta burge ka a bidiyo, nemo cikakkiyarta ka ji daga farko. Idan DJ ya bar waƙa ta yi tafiyarta, kada ka tsaya kana hararar sa don bai kai ka wurin da ka sani ba tukuna.

Ga furodusoshinmu na Legas da Abuja da Kano da ke aiki da logdiram, buƙatata ɗaya ce kuma ba sabuwa ba ce. Tun zamanin disko a shekarun 1970 masu kiɗan rawa suke sakin waƙa kashi biyu: gajeriya don rediyo, doguwa a kan babban faifai don DJ da filin rawa. Yanzu babu kuɗin faifai, babu kuɗin dako, fayil ne kawai za a ƙara ɗorawa. Ku saki mai minti uku ku ci kasuwarku, babu wanda zai ga laifinku. Amma ku zauna ku gina mai minti bakwai ɗin ma, da farkonta da jiranta, ku ɗora ta a gefe. Wanda ya gwada zai gane a ranar farko cewa wannan ne aiki mai wuya, kuma shi ne abin da yaran Gauteng suka iya wanda har yanzu ba mu koya ba.